Dambu da Magariba

Akusan nan ne suka fara ɗaukar idona. Motar da ta kwaso mu daga Gumel ta sauke mu a Gagarawa Tasha rana tana gab da faɗuwa, ni da maigidana da gadon ƙarfe da kwanukan jerena a ɗaure cikin buhu, ina leƙen duniya ta ƙasan mayafi kamar yadda ya kamaci amaryar wata huɗu. Kafin a gama shigar da kaya an idar da sallar magariba. Sai na ga maza suna fitowa daga gidaje ɗaya bayan ɗaya, kowa riƙe da akushi da hannu biyu, suna nufar gindin wata darbejiya da ke jikin katangar gidan da za mu zauna. Suka shimfiɗa tabarmi, suka jera akusan a tsakiya, baƙaƙe wuluk suna sheƙi, tururi yana fita ta gefen faifan da aka rufe su da shi. Abin ya ba ni sha'awa ƙwarai. Na ce a raina wannan gari na masu ƙaunar juna ne, irin wanda ake kwatantawa a littafi. Ina cikin wannan tunani maigidana ya ce da ni, yana murmushi, "Kin ga ciyayyarmu ke nan. Daga gobe har da akushina za a riƙa jerawa." Nan take sha'awar ta gudu.

Yaran yanzu da yawa ba su san ciyayya ba. Kowane maigida yana cin abincinsa a ɗaki, ƙofa a rufe, ido a kan talabijin, maƙwabcinsa bai san ko an ɗora tukunya a gidan ba. A wancan zamani kuwa abin da aka dafa a gidanka na unguwa ne. Maza takwas ko tara ke zama a gindin darbejiyar nan, ma'aikatan tashar jirgin ƙasa da mai awon gyaɗa da wani tela da liman. A buɗe akushi ɗaya a cinye, a jawo na gaba. Wanda matarsa ta yi tafiya ya ci, baƙon da jirgi ya sauke ya ci, ba a tambayar kowa me ya kawo. Kyawun abin ke nan. Amma mu mata mun san ɗaya fuskar, don a wurin nan ake sanin kowace mace ba tare da an taɓa ganin idonta ba. An san wadda tuwonta ke da gudaji, an san mai miya tsululu, an san mai nauyin hannu wajen kanwa. Ba wanda zai kama sunanki, amma akushinki zai dawo da saura, kuma mijinki ne zai ɗauko shi ya ratsa ta gaban mutane da shi.

Ni kuwa ban iya tuwo ba. Ba rashin ƙwarewa kaɗai ba, tsoronsa nake ji kamar yadda wasu ke tsoron maciji. Ina 'yar shekara tara mahaifiyata ta sa ni in riƙe mata muciya ta ɗauko gari, dutsen murhu ya goce, tukunyar ta karkata, talge mai tafasa ya kwaro mini a hannun hagu tun daga gwiwar hannu har wuyansa. Na yi wata biyu ana shafa mini magani da gashin kaza. Da na warke mahaifina ya rantse ba zan ƙara zuwa kusa da tukunyar tuwo ba muddin ina gidansa, da yake kuma ina da yayye mata uku ba wanda ya damu. Sai aka ba ni shara da ɗiban ruwa da surfe, aka sa ni makarantar boko. A can na koyi karatu, karatu kuma ya haɗa ni da 'yan littattafan nan masu siririn bango da direbobin Kano ke shigowa da su, muna aron juna har bangon ya fita. Na haddace yadda budurwa ke sunkuyar da kai, da yadda saurayi ke kasa barci, da yadda farin wata ke tsayawa a kan masoya. Abu ɗaya ne ba su koya mini ba. A cikinsu da zarar an ɗaura aure labari ya ƙare, ba a taɓa nuna amarya a gaban murhu hayaƙi yana fitar mata da hawaye ba.

Maigidana malamin tikiti ne a tasha, kuma da wasiƙa ya same ni. Rubutunsa a kwance yake kamar gero ya sha iska. A takarda yakan kira ni hasken idonsa, amma idan muka haɗu a zaure sai ya kasa cewa komai sai tambayar lafiyar mutanen gida. Na so shi saboda duka biyun. Bayan biki na zauna wurin mahaifiyarsa a Gumel, ina ci daga tukunyarta kamar yadda ake yi wa amarya, ina wanke-wanke da daka, kowa yana yabon ladabina. Ba wanda ya lura ban taɓa kama muciya ba. Sai da ya sami gida kusa da wurin aikinsa ya ɗauko ni, ranar da nake jira da ɗoki kuma nake tsoro.

Washegari da la'asar na hura wuta, na ɗora ruwa, na dama gari na zuba. Ina zaune lafiya har talgen ya fara ɓal-ɓal, yana tofo ɗigo-ɗigo. Ɗigo ɗaya ya sauka a bayan hannuna. Ban san lokacin da na yar da muciya na koma bakin ƙofar ɗaki ba, jikina yana rawa, ina kallon tukunyar tana kamawa, ƙauri ya cika gida. Na sa kuka.

"Ke amarya, gidan ne za ki ƙone ko tuwon kaɗai?"

Na ɗaga kai. A saman katangar da ta raba mu da maƙwabta ga kan wata dattijuwa, baƙa, mai tsage a kumatu, bakinta ja da goro. Daga baya na gane a kan turmi take tsaye. Ita ce matar Baba Mai Tuta, tsohon da ke ɗaga wa jirgi tuta a tasha, kuma shi ne babba a wurin ciyayya. Kowa a unguwar Inna yake ce mata.

Na ce, "Inna, ina wuni," ina sheshsheƙa.

"Ina wunin me, tukunya tana ci da wuta? Janye itacen nan. Janye mana! Yauwa. 'Yar gidan wa ce ke da ba a koya miki tuƙi ba?"

Sai na janye hannun rigata na nuna mata tabon. Ta daɗe tana kallonsa. Ta tofar da goron bakinta can gefe, ta ce, "Miƙo garin da ya rage. Miƙo akushin mijinki kuma. Ki wanke fuskarki, kin yi kama da wadda aka yi wa rasuwa."

Kafin magariba akushin ya dawo ta saman katanga, malmala biyar a ciki, da kwanon miyar kuka tana ƙamshin daddawa da busasshen kifi. Maigidana ya shigo daga masallaci, ya ɗaga faifai, ya dube ni ya ce, "Sannu da aiki." Na sunkuyar da kai kamar yadda littafi ya koya mini. Akushin ya dawo fes, kamar an wanke.

Haka muka yi wata biyu, kuma in faɗi gaskiya suna cikin watannin da na fi jin daɗinsu a rayuwata. Da safe in maza sun fita sai in yi surfen gidaje biyu, in bakace, in daka, in tankaɗe, in miƙa wa Inna gari ta katanga, ita kuma ta tuƙa tukunya ɗaya babba ta raba akushi biyu. Unguwar tana da sautinta da har yau nake ji a kunnena. Da hantsi taɓare suna amsa wa juna daga gida zuwa gida, wata ta jefa tata sama ta tafa hannu kafin ta cafe. Da rana tsit, sai kukan kurciya. Can sai ƙasa ta fara rawa a ƙarƙashin tabarma tun kafin a ji komai, sannan jirgi ya yi kuka daga nesa, 'yan talla su kwasa a guje da fura da dafaffen ƙwai da rake, kwanukan jerena su yi ta kaɗawa a jikin bango har ya wuce. Nakan tsaya a kan turmina in hangi tagoginsa, in ƙirƙira wa kowace fuska labari: wancan zai je neman aure Nguru, waccan ta yi yaji an biyo ta. Yanzu injin niƙa ya kashe taɓarya, layin dogon kuma ciyawa ta rufe shi, awaki ne ke kwana a kai.

Akwai kuma aikin da nake yi wa Inna wanda ba ta iya ba. 'Yarta tana aure a Nguru, ni ce mai rubuta mata wasiƙa, a ba wani ma'aikacin jirgi ya kai. Inna takan ce, "Ki ce mata muna lafiya, jar akuya ta haihu, ta aiko da kifi." Ni kuma in ga wannan ya yi wa takarda kaɗan, sai in rubuta cewa zuwa ga sanyin idaniyata wadda kewarta ta hana ni runtsawa, wadda nake ganin fuskarta a cikin ruwan randa. Amsa ta farko da ta zo, surukin Inna ne ya rubuta, yana tambaya ko Inna ba ta da lafiya ne ake ɓoye musu, don matarsa ta kwana tana kuka. Da na karanta mata abin da na rubuta Inna ta yi dariya har ta kusa faɗowa daga kan turmi. "Ni ce nake ganin fuskarta a randa? Yarinyar da ta fasa mini randa biyu? Allah ya shirye ki, 'yar boko."

Kwanan baya jikata ta kira ni tana kuka daga birni, wai ta bi duk abin da wata mata ta nuna a waya amma abincinta bai fito kamar na hoton ba, ga baƙin mijinta suna hanya. Tana da murhun gas, da firji, da tukwane masu murfin gilashi, amma muryarta irin tawa ce a bakin ƙofar ɗakin nan. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Tsoron bai canja ba, katangar ce ta yi tsawo. Gidajen yanzu ko ka hau turmi goma ba za ka ga tukunyar maƙwabciyarka ba.

Wata rana da hantsi, a ƙarshen watannin nan biyu, Inna ta miƙo mini wasiƙa. Na buɗe ina karantawa da ƙarfi, gaisuwa, gaisuwa, sai idona ya riga bakina zuwa layi na gaba. 'Yarta ta haifi tagwaye, jikinta ba ƙwari, ana roƙon Inna ta taho a jirgi na farko ta zauna har a yi arba'in. Na tsaya da karatun. Allah ya gani, sai da zuciyata ta raya mini in ce an rubuta ta zo bayan wata guda. Ba wanda zai sani sai an kwana biyu.

"Me ya tsayar da ke? Mutuwa aka yi?"

Na ce, "Haihuwa ce, Inna. Tagwaye. Sun ce ki taho yanzu."

Ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse. Ta sauka daga turmi, na ji tana zagaya tsakar gidanta tana godiya ga Allah. Can sai kanta ya sake bayyana, ta dube ni, fara'arta ta ragu kaɗan. "Af. Ke kuma fa?"

Jirgin Nguru sai jibi, don haka kwana biyu muke da su. Ranar farko ta zagayo ta ƙofa, ta zaunar da ni gaban murhu, ta tsaya a bayana ta riƙe hannuna a kan muciya. Muka kai har talge ya fara tofi. Na fizge, na taka mata ƙafa, na tsinci kaina a bayan randa. Muka sake, haka. A karo na uku ta sauke tukunyar da kanta, ta zauna a kan kujera 'yar tsuguno tana fifita da faifai.

"To, tuwo dai ya ƙi ki, ke ma kin ƙi shi. Wa ya ce dole sai shi?"

"Inna, abincin dare fa. Kowa tuwo yake fitarwa."

"Kowa ba shi da tabonki. Tashi ki ɗauko madambacina."

Madambaci tukunyar ƙasa ce mai huji-huji a gindi, ana ɗora ta a kan wata tukunyar mai ruwa, tururi ne ke dafa abin da ke ciki. Inna ta ce, "Dube shi da kyau. Ba ya tofi, ba ya tsalle, ba ya neman muciya. Ki zuba, ki rufe, ki zauna ki yi ta mafarkinki." Ta nuna mini yadda ake wanke tsakin gero a tsane shi, yadda ake kwaɓa garin kuka a liƙe tsakanin tukwanen biyu don kada tururi ya gudu, yadda ake sauke shi bayan turarawar farko a juye a ƙwarya, a yayyafa ruwa, a zuba zogale da albasa da dakakkiyar gyaɗa da gishiri, a mayar. In ya yi, a zuba mai da yajin ƙuli-ƙuli. Washegari ta koya mini wake da shinkafa, da faten kabewa wanda wuta kaɗan yake so, da kwaɗon rama da ba ya ma buƙatar tsayawa kan murhu. Ta ce kada in kunna wuta sai na jera duk abin da zan nema a gabana, har ludayi. Ta ce kada in yi girki a tsaye kamar mai shirin gudu. Ta ce tukunya ɗaya ta ishi gida. Na tambaye ta yaushe zan fara, tunda ba mu da agogo sai na hannun maigidana. Ta ce, "Jirgin kaya na yamma. Yana kuka ki hura wuta, za ki gama har ki yi wanka ki sa kwalli."

Ta tafi da safe da ƙullin kayanta da tulun man shanu. Tun azahar na jera komai a gaban murhu, tsaki a ƙwarya, zogale a tsinke, albasa a yanke, itace a shirye, ashana a kan dutse. Na zauna ina jiran jirgi. Da na ga da sauran lokaci sai na ɗauko wani littafi da na karanta sau biyar, na ce bari in ɗan duba inda saurayin ke dawowa daga tafiya. Ina ɗaga kai in saurara, shiru, in koma. Ban san ranar jirgin kaya ba zai zo ba sam. Duk wata mace a unguwar ta duba inuwar katanga ta ɗora tukunyarta, ni kaɗai nake zaune da biyayya ina jiran kukan da aka ce in jira. Abin da ya farkar da ni awaki ne da suka shigo daga kiwo suna neman dusa, sai kuma na ji ladan yana gyaran murya.

Na tashi zumbur, ashana uku suka karye a hannuna. Sai na tuna an ce kada in yi girki kamar mai shirin gudu. Na jawo kujera na zauna, na yi bisimilla, na kyasta ta huɗu. Ruwa ya tafasa, na ɗora madambaci, na liƙe da kuka, na rufe. Ba abin da ya tofo mini. Tururi kawai yake fita a hankali ta gefen faifai, yana ƙamshin sabon gero. Ina juye turarawar farko aka tada sallah, ina mayarwa aka sallame.

Maigidana ya shigo ɗaukar akushi ya tarar da shi wayam. Ya dubi madambaci, ya dube ni, gumi ya jiƙa mini ɗankwali. Ta bayan katanga ina jin ana shimfiɗa tabarmi. Na ce, "Malam, ka yi haƙuri, saura kaɗan." Ya tattare babbar rigarsa, ya tsuguna, ya tura itace ɗaya cikin murhu, abin da ban taɓa ganin namiji ya yi a gidanmu ba. Muka zauna muna kallon tururi tare. A duk littattafan da na karanta ba a taɓa rubuta irin wannan zama ba, kuma ya fi duk nasu. Da na sauke na cika akushi, na zuba mai da yaji. Ya ɗauka da hannu biyu ya fita. Ni kuwa na lallaɓa na manna kunnena a katanga.

An riga an cinye akushi uku. Na ji an ce, "Malamin tikiti, yau kai ma ka makara kamar jirginku?" Aka yi dariya. Na ji ƙarar ɗaga faifai. Tela ne ya fara magana, na san muryarsa, siririya ce.

"Dambu? Da magariba? Malam, ko suna aka yi a gidanka ba ka gaya mana ba?"

Wani ya ce, "Wataƙila a Gumel rana ba ta faɗi ba tukuna."

Dariya ta sake tashi. Sai muryar Baba Mai Tuta ta fito, a hankali, irin ta wanda ya saba a saurare shi.

"Ku miƙo mini shi nan. Wata biyu ina cin tuwon tsohuwata a akushi biyu. Yau dai Allah ya yi zan ɗanɗana hannun amarya."

Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige. Wurin ya kaure da dariya, har liman ina jin yana tari. Ashe sun sani. Na toshe bakina da mayafi, amma na kasa barin jikin katangar. Dariyar ta lafa. Tsohon ya daɗe yana taunawa, don haƙoransa ba su da yawa.

"Gishiri ya ɗan gaza," in ji shi. Ya ƙara ɗiba. "Amma ya turaru. Ga laushi, bai caɓe ba. Kai tela, janye hannunka, ba kai ka ce suna ake yi ba? Jira a raɗa sunan tukuna."

"Haba Baba, ai tambaya kawai na yi."

"To ka ci tambayarka."

Daga nan ban ƙara jin magana ba sai ƙarar hannuwa a cikin akushi, da wani yana cewa a bar masa na gefen nan inda mai ya taru.

Maigidana ya shigo ya ajiye akushin a gabana. Ba ko ƙwayar tsaki a ciki, sai farin goro guda ɗaya a tsakiya. Ya ce, "Baba ne ya ce a ba mai girki." Na kasa ɗaga ido. Na ce, "Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar farko. Baba yana ɗaga faifai ya gane. Ya ce shekara talatin yana cin malmalar Inna, ita kaɗai ce ke karkata mara ta bar wa tuwo 'yar wutsiya a gefe kamar ta tunkiya. Ya ce yarinya ce baƙuwa, duk wanda ya buɗe baki ya daina zama a tabarmarsa."

"Kai kuma ka yi ta ce mini sannu da aiki?"

"To ba ke kike surfen gida biyu ba? Ina jin taɓaryarki tun daga tasha." Ya dubi hannuna na hagu. "Kuma na ga tabon nan tun a zauren gidanku. Ba tuwo na je nema ba."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi mini baki da baki, kuma na fi son ta da duk wasiƙunsa. Na fasa goron biyu na miƙa masa rabi.

Daga ranar akushina ya zama wanda ba a san abin da ke ciki ba sai an buɗe. Yau dambu, gobe wake da shinkafa da mai da yaji, jibi faten kabewa. Wata rana ya yi daɗi, wata rana a ci dai don Allah, sau ɗaya ma fate ya kama har Baba ya aiko a tambaye ni ko gawayi ya yi araha ne. Amma na daina rawar jiki, kuma na koyi duba inuwar katanga. Da Inna ta dawo bayan arba'in ta tarar matar tela ta aiko aron madambacinta har sau biyu.

Mun yi shekara shida a Gagarawa Tasha kafin a mayar da maigidana wani wuri, daga baya muka dawo Gumel muka zauna. Baba Mai Tuta ya rasu, Allah ya jiƙansa, Inna ta koma wurin ɗanta a Maigatari. Na daɗe ban gan ta ba, sai wata Alhamis, ranar kasuwa, na sami mota na je. Na tarar da ita a kan tabarma a inuwar rumfa, ta ƙanƙance, idanunta sun tafi gaba ɗaya. Na durƙusa na gaishe ta. Ta kama hannuna na hagu tana shafawa har yatsunta suka tsaya, ta ce, "'Yar boko ce."

Muka yi hira har la'asar, ta tambayi kowa, na gaya mata wanda ya rasu da wanda ya yi aure. Da na tashi tafiya ta riƙe bakin zanena.

"Tsaya. Kin dai iya tuwon yanzu?"

"Har yau ban iya ba, Inna."

"'Ya'ya nawa kika haifa?"

"Takwas."

"A ciki wa yunwa ta kashe?"

"Ba ko ɗaya. Babban ma ƙofar ɗaki tana yi masa kaɗan."

Ta yi dariya har ta kwanta a gefen tabarma, tana share idanun da ba sa gani. Ta ɗaga murya ta kira matar ɗanta daga cikin gida. "Ke, sauke tukunyar nan, kada ki tuƙa komai yau. Ba wa baƙuwata murhu, motar Gumel ta tafi ta bar ta."

Na kwana a Maigatari. Bayan wata uku aka aiko mini Inna ta rasu, ranar Juma'a da hantsi, tana zaune tana tsinke zogale.